Shin zuzzurfan tunani yana rage fargabar shiga mutane ga ɗaliban aikin jinya?

Ɗalibar Jinya ta rubuta:

Assalamu alaikum. Ina gaida malamai da yayye da ke wannan zaure, kuma ina neman shawararku a kan wani abu da ya daɗe yana damuna.

Ni ɗaliba ce a shekara ta biyu a karatun aikin jinya. A aji ba ni da matsala, domin jarrabawar rubutu ba ta taɓa ba ni wahala ba, amma tun da aka fara tura mu ɗakunan marasa lafiya domin koyon aiki da hannu, sai na lura cewa duk abin da na sani yana ɓace mini da zarar idanu sun yi mini yawa. A makon jiya aka ce in miƙa rahoton marasa lafiya uku ga ma'aikatan da suka karɓi aikin yamma. Na rubuta komai a 'yar takarda, daga awon jini da zafin jiki da bugun zuciya har zuwa lokacin da aka ba kowannensu magani. Ina buɗe baki sai muryata ta fara rawa, takardar da ke hannuna ita ma ta kama karkarwa har na ga ɗaya daga cikinsu tana kallonta, sannan na tsallake mara lafiya na biyu gaba ɗaya, sai da sista mai kula da ɗakin ta tuna mini da shi. Babu wanda ya yi mini faɗa. Duk da haka na kwana ina maimaita abin a raina, ina tuno kowace kalma da ta fito ba daidai ba, har na wayi gari ina jin kamar ban cancanci saka fararen kayan nan ba.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne na fara ƙirƙiro dabarun gudu. Idan lokacin zagayen likitoci ya yi, ni ce mai saurin cewa zan je ɗauko safar hannu ko auduga, domin kada a jefo mini tambaya. Akwai ranar da na ga ƙarin ruwan wata mata ya tsaya kuma wurin allurar ya ɗan kumbura, amma maimakon in faɗa wa sista kai tsaye sai na raɗa wa abokiyar karatuna domin ita ta faɗa.

Wata daga cikin 'yan ajinmu ta ba ni shawarar in riƙa yin abin da ake kira zuzzurfan tunani, wato mutum ya zauna shiru yana bin numfashinsa, ta ce ita ya taimaka mata. Ina so in ji daga waɗanda suka sani: da gaske yana rage irin wannan tsarguwa a gaban mutane, ko kuwa natsuwa ce ta 'yan mintoci da ke watsewa da zarar an tashi? Yana kuma gyara yadda mutum ke raina kansa? Kuma da yake lokacinmu a ƙididdige yake, minti nawa ya kamata in ware masa a rana?

Tsohuwar Nas ta amsa:

Wa alaikumus salam, ɗiyata. Na karanta bayaninki har ƙarshe, kuma na ga kaina a cikinsa, domin ni ma na yi shekarar farko ina ɗar-ɗar da kowace fuska da ke ɗakin marasa lafiya.

Zan fara da sunan, saboda shi kansa yana ɓatar da mutane. Idan aka ce zuzzurfan tunani, mai ji zai ɗauka ana nufin ya zauna ya zurfafa cikin tunani, alhali kuwa wannan shi ne ainihin abin da kika kwana kina yi bayan miƙa rahoton nan, kuma kin ga inda ya kai ki. Abin da ake koyarwa kishiyarsa ne. Horo ne na dawo da hankali. Za ki zauna ki sa hankalinki a kan abu guda, misali shigar iska da fitarta ta hanci, ba za a yi daƙiƙa goma ba sai ki tsinci kanki kina saƙa wani abu dabam, sai ki lura da hakan, ki dawo ba tare da kin zargi kanki ba. Ko sau hamsin hankalin ya tafi yawo cikin minti goma, sau hamsin za ki dawo da shi, kuma wannan dawowar ita ce atisayen. Mutane da yawa suna bari a mako na farko saboda sun ɗauka manufar ita ce kai ya zama fanko, da suka ga tunani bai daina zuwa ba sai suka ce ba su iya ba.

Ni sai da na yi nisa a aiki sannan na koye shi, kuma wurin da na fara ganin amfaninsa shi ne wajen sa kanula, wato 'yar siririyar robar da ake sawa a jijiya domin ƙarin ruwa ko magani. Kin san yadda abin yake: mara lafiya ya miƙo hannu, 'yan'uwansa sun kewaye gadon sun zuba ido, ke kuma rabin hankalinki yana kan jijiyar, rabi yana kan abin da suke cewa a ransu game da ke. Wata rana ina neman jijiya a bayan hannun wani dattijo da jikinsa ya bushe, na ɗaure hannun, na dafa da ɗan yatsa, sai na ji zuciyata ta fara irin bugun da na saba. A nan ne na yi abin da nake yi da safe a zaune, sai dai a wannan karon numfashi ba shi ne abin riƙo ba. Na mayar da hankalina gaba ɗaya kan abin da bakin yatsana ke ji, har na sami wurin da jijiyar ke ɗan lotsawa tana dawowa kamar siririyar roba. Mutanen suna nan ba su tafi ba, bugun zuciyar ma bai tsaya ba, amma hankalina ya koma wurin da aikin yake.

Dabarar da zan ba ki ba ta buƙatar ƙarin lokaci. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce wanke hannu da sabulu da ruwa ya ɗauki daƙiƙa 40 zuwa 60, shafa maganin tsabtace hannu kuma daƙiƙa 20 zuwa 30, kuma ke kin san sau nawa muke yin haka a aikin yini guda. Ki mayar da kowane wankin hannu ya zama ɗan atisaye. Ki ji sanyin ruwan da santsin sabulun a tsakanin yatsunki, ki saki kafaɗunki, ki fitar da numfashi a hankali ya fi shaƙarsa tsawo, sannan ki nufi gadon. Ki haɗa wannan da zaman minti goma kullum a lokaci guda, domin wanda bai saba a zaune cikin kwanciyar hankali ba, ba zai iya ba a tsaye gaban likita.

Amma kada in ruɗe ki. Rawar hannuna ba horon natsuwa ne ya kawar da ita ba, yawan yi ne, domin da koyo akan iya. Abin da horon ya rage mini shi ne azabar da nake yi wa kaina kafin aiki da bayansa.

Mai Nazarin Halayya ya amsa:

'Yar'uwa, Hajiya ta ba ki abin da ta gani da idonta, ni kuma zan ƙara da abin da bincike ya nuna, har da wuraren da bai yi ƙarfi ba.

A shekarar 1995 wasu masana halayyar ɗan Adam guda biyu a Ingila, David Clark da Adrian Wells, suka yi bayanin yadda fargabar shiga mutane ke ɗorewa, kuma idan kika duba bayanin nasu za ki ga kamar labarinki suka karanta. Sun ce mai wannan fargaba da zarar ya shiga taro sai hankalinsa ya juyo kansa, ya zama ɗan kallon kansa, yana auna rawar muryarsa da zufar goshinsa, sannan ya ɗauki abin da yake ji a jikinsa a matsayin abin da mutane ke gani. Daga nan sai ya ƙirƙiro dabarun kare kai, kamar kauce wa haɗa ido, ko haddace magana kalma bayan kalma, ko kuwa, kamar yadda kika faɗa, tafiya ɗauko safar hannu. Bayan an watse kuma sai ya zauna yana yi wa abin da ya faru fiɗa. Illar dabarun kare kai ita ce suna hana mutum ganin cewa abin da yake tsoro ba zai faru ba, ko kuma idan ya faru ba zai kai yadda ya zata ba. Ki lura cewa mara lafiya na biyu da kika tsallake ba rashin sani ne ya sa ba, domin yana rubuce a takardarki. Hankalinki ne yake kan takardar da ke rawa, ba a kan abin da ke cikinta ba.

Akwai wani gwaji da Thomas Gilovich da abokan aikinsa suka wallafa a shekarar 2000, inda suka sa ɗaliban Jami'ar Cornell saka riga mai hoton da suke jin kunyarsa, suka shiga ɗakin da wasu ɗalibai ke zaune. Masu rigar sun yi hasashen kusan rabin mutanen ɗakin za su gane hoton, amma waɗanda suka gane ba su wuce kusan kashi ɗaya cikin huɗu ba. Ma'aikatan da kika miƙa wa rahoto, mafi yawan tunaninsu yana kan aikin da ke jiransu.

To, a nan ne horon tattara hankali, wato zuzzurfan tunanin da kike tambaya a kai, yake shigowa, domin abin da yake koyarwa, wato lura da inda hankali ya tafi da iya dawo da shi, shi ne ainihin abin da fargabar ke ƙwace wa mutum. Tsarin da aka fi yin bincike a kansa shi ne wanda Jon Kabat-Zinn ya fara a 1979 a cibiyar koyar da aikin likita ta Jami'ar Massachusetts da ke Amurka. Shiri ne na mako takwas, ana haɗuwa sau ɗaya a mako na kimanin awa biyu da rabi, akwai yini guda na zaman shiru, kuma ana son mutum ya yi atisaye na kusan minti 45 kullum a gida. Na kawo waɗannan alƙaluma ne da gangan, domin idan kika ji an ce bincike ya tabbatar da amfaninsa, galibi wannan nauyin ake nufi, ba minti uku a manhajar waya ba. Wannan ba ya nufin minti goman da Hajiya ta ambata ba su da amfani, sai dai kada ki sa ran sakamakon ya zo da wuri.

A 2010 Philippe Goldin da James Gross na Jami'ar Stanford suka ba mutum 16 masu lalurar fargabar shiga mutane wannan horo, suka ga fargabarsu da ƙuncin ransu sun ragu, ganin darajar kansu ya ƙaru, kuma hoton ƙwaƙwalwa ya nuna raguwar motsi a ɗan sashen nan da ake kira amigdala, mai alaƙa da tsoro, a lokacin da suke bin numfashi. Sai dai mutanen kaɗan ne, kuma ba a kwatanta su da wani rukuni da bai sami horon ba. Gwaje-gwajen da suka yi kwatance sun ba da amsoshi iri biyu. Wanda Diana Koszycki ta jagoranta a Kanada a 2007, da mutum 53, ya nuna cewa maganin gyaran tunani da ɗabi'a, wanda ake koya wa mutum ƙalubalantar zatonsa da fuskantar abin da yake gudu, ya fi horon tattara hankali rage fargabar, ko da yake dukkansu sun taimaka. Wanda Goldin ya sake yi a 2016, da mutum 108, ya nuna hanyoyin biyu sun yi kunnen doki, kuma amfanin ya ɗore har shekara guda. A game da ɗaliban jinya kuwa, an yi gwaje-gwaje da dama, ciki har da wanda aka wallafa a 2015 a kan ɗaliban Koriya ta Kudu, inda horon na mako takwas ya rage musu damuwa da fargaba da ƙuncin rai. Yawancin irin waɗannan gwaje-gwaje ƙanana ne, kuma ɗaliban ne da kansu ke cike takardar tambayoyi su faɗi yadda suke ji, don haka ni ina ɗaukar sakamakonsu a matsayin alama mai ƙarfafa gwiwa, ba hukunci ba. Babban nazarin da aka yi a 2014, wanda ya tattara gwaje-gwaje 47, ya kai ga matsaya mai kama da haka: akwai amfani matsakaici wajen rage fargaba da ƙuncin rai, amma babu shaidar cewa ya fi sauran magungunan da aka sani.

Tambayarki ta biyu ita ce ta fi jan hankalina. Masu bincike suna auna ganin darajar kai da ma'aunin da Morris Rosenberg ya tsara a 1965, mai jimloli goma da mutum zai ce ya yarda da su ko bai yarda ba. Mark Leary kuma ya kawo wani ra'ayi a 1995 da nake ganin ma'aikaciyar jinya za ta fi kowa fahimtarsa. Ya ce ganin darajar kai tamkar ma'auni ne a cikin mutum da ke nuna masa ko mutane sun karɓe shi ko suna gudunsa. A wurin mai yawan tsarguwa, ma'aunin ya yi saurin motsi da yawa, ɗan tamke fuskar da sista ta yi saboda gajiyarta sai ya karanta shi a matsayin hukunci a kansa. Horon tattara hankali ba ya cusa wa mutum cewa shi gwani ne. Abin da yake yi shi ne ya sa tazara tsakanin mutum da tunaninsa, ta yadda idan maganar nan ta «ban cancanta ba» ta zo, za ki gan ta a matsayin tunanin da ya saba zuwa bayan kuskure, ba labarin gaskiya game da ke ba. Kristin Neff, wadda ta fara wallafa aikinta a kan tausaya wa kai a 2003, ta nuna cewa wannan ya fi ƙoƙarin ɗaga kai ɗorewa, domin darajar da ta dogara ga yabo tana faɗuwa ranar da yabon bai zo ba. Gwajin da za ki iya yi mai sauƙi ne: da abokiyar karatunki ce ta tsallake mara lafiyan nan, me za ki ce mata? Ki kwatanta shi da abin da kika kwana kina faɗa wa kanki.

Malamin Jinya ya amsa:

Ban ƙi abin da Hajiya da Malam suka faɗa ba, amma a matsayina na mai koyar da ɗalibai a bakin gado, wani wuri dabam ne ya tsaya mini a cikin bayaninki, wato ƙarin ruwan da ya tsaya da hannun da ya kumbura. A nan gizo ke saƙa. Kumburi a wurin allura yana iya zama alamar ruwan ya bar jijiya yana shiga nama, kuma akwai magungunan da idan haka ta faru da su suna lalata naman wurin. Kin yi daidai da kika lura, kuma ido irin wannan ba kowane ɗalibi ne ke da shi ba, amma ba koyaushe za ki sami abokiyar da za ki raɗa wa ba. Saboda haka fargabar nan ba taki ce ke kaɗai ba, ta shafi wanda ke kwance a gadon, kuma ba abin da za a jira mako takwas kafin a taɓa shi ba ne.

Tsorona da horon natsuwa shi ne yana iya zama sabuwar maɓoya. Na ga ɗalibin da ke cewa ba zai gabatar da bayanin mara lafiya ba sai ya ji ya natsu tukuna, natsuwar kuma ba ta taɓa kammala ba. Idan zaman bin numfashi ya zama sharaɗin da sai an cika shi kafin a buɗe baki, to ya koma cikin jerin dabarun kare kai da Malam ya ambata, an gudu daga wani tarko an faɗa wani. Shi ya sa hukumar da ke tsara ƙa'idojin magani a Ingila, a jagorar da ta fitar a 2013, ta sa maganin gyaran tunani da ɗabi'a a gaba, ta kuma ce kada a riƙa ba da horon tattara hankali a matsayin maganin wannan lalura kai tsaye. Gwaje-gwajen da suka biyo baya sun ƙara masa daraja, amma har yanzu ban ga wanda ya ce a daina fuskantar abin da ake tsoro ba.

Ga abin da nake sa ɗalibaina su yi. Wajen miƙa rahoto akwai tsari mai matakai huɗu da asibitoci da yawa ke bi: ki faɗi halin da mara lafiya yake ciki yanzu, sannan tarihin da ya kawo shi, sannan abin da kika gani kika auna, sannan abin da kike ganin ya kamata a yi. Ki riƙa maimaita shi da murya a fili, ba a zuci ba, da farko ke kaɗai, daga baya a gaban mutum ɗaya, sannan a gaban uku. A zagayen likitoci kuma ki ɗaukar wa kanki alkawarin tsayawa har a gama, ko da ba ki ce uffan ba, mako mai zuwa ki yi tambaya guda. Idan muryar ta yi rawa, ta yi, ki ci gaba da ita a haka.

Akwai kuma abin da ya kamata mu masu koyarwa mu faɗa wa kanmu. Wani lokaci ɗalibi yana tsoro ne saboda akwai abin tsoron. Na taɓa aiki a wani ɗaki inda ake kunyata ɗalibai a gaban marasa lafiya a kan ƙaramin kuskure, kuma babu yawan numfashin da zai gyara wannan, sai dai a gyara masu yin sa. Ke kin ce ba a yi miki faɗa ba, to madalla, amma wani mai karanta wannan zaure yana iya kasancewa cikin wancan hali, kada ya ɗauka laifin ƙwaƙwalwarsa ne.

Idan kuma abin ya kai wata shida ko fiye yana hana ki aiki, ko kin fara tunanin barin karatun saboda shi, ko barci da cin abinci sun lalace, to ki ga likita ko mai ba da shawara a makarantarku. Lalura ce sananniya kuma tana jin magani.

Ɗalibar Jinya ta sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka muku da alheri. Malam, maganar ƙarin ruwan nan ta shige ni, domin ban taɓa kallonta ta wannan fuskar ba, a raina ina ganin ai an faɗa wa sista ko ta bakin wa.

Na gwada zaman minti goma kwana huɗu a jere, kuma na ci karo da wani abu da ban zata ba. Da zarar na rufe ido na sa hankali a kan numfashi, sai in fara jin bugun zuciyata da ƙarfi, numfashin ya zama kamar ni nake tuƙa shi da ƙyar, har jiya sai da na tashi kafin lokacin ya cika. Wankin hannun da Hajiya ta koya mini kuwa ya fi mini sauƙi nesa ba kusa ba. Shin wannan yana nufin horon bai dace da ni ba ne, ko kuwa akwai inda nake kuskure?

Mai Nazarin Halayya ya amsa:

Ba kuskure kike yi ba, kuma abin da kika ji sananne ne. Matsalarki tun farko ita ce yawan sauraron jiki, to idan aka ce ki rufe ido ki saurari ƙirjinki, an ƙara tura hankalinki wurin da ya riga ya maƙale. Masu bincike, musamman Willoughby Britton ta Jami'ar Brown, sun rubuta cewa wasu mutane suna samun ƙaruwar fargaba ko dawowar munanan abubuwan da suka wuce a lokacin irin wannan zama, don haka ba a tilasta wa kai.

Wankin hannun ya fi miki sauƙi ne saboda abin da kike riƙe hankali da shi yana waje, kuma idonki a buɗe yake. Ki mayar da zaman safen ya zama haka. Ki bar idonki a buɗe yana kallon ƙasa kaɗan a gabanki, ki bar numfashi ya yi abinsa, ki sa hankali a kan sautukan da ke kewaye da ke, na kusa da na nesa, ko a kan tafin ƙafarki inda ya taɓa ƙasa. Ki rage shi zuwa minti biyar har sai ya daina yi miki nauyi. Idan duk da wannan sauyin fargabar tana ƙaruwa, ki dakata, ki ambata wa likita ko mai ba ku shawara.

Ranar da za ki sake miƙa rahoto, ki zaɓi abu guda a waje da za ki riƙa dawo da hankalinki kansa, kuma mafi dacewa shi ne fuskar wadda za ta karɓi marasa lafiyan daga hannunki. Ki duba ko tana rubuta abin da kike faɗa, ko ta ɗaga kai tana neman ƙarin bayani a kan awon jinin gado na biyu. Bayan an tashi ki rubuta layi biyu kawai, abin da kika zata zai faru da abin da ya faru, ki rufe littafin. Idan kin tara na mako biyu ki kawo mana mu duba tare.